Babi na Shida: Gidan Shehu, Daga Zaure Zuwa Cikin Gida

Sarakunan Musulmi ashirin aka yi a Sakkwato daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa yau, kuma dukkansu jini ɗaya ne. Daga wannan gida aka sami Firimiyan Jihar Arewa, aka sami sanatoci da 'yan majalisar wakilai, da hafsoshin soja, da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Turawa sun zo sun tarar da gidan, sun tafi sun bar shi. Jamhuriya ta farko ta faɗi, sojoji sun yi zamaninsu sun wuce, gidan yana nan inda yake a Kanwuri. A faɗin Nijeriya da wuya ka nuna wata zuriya da ta yi sama da shekara 200 hannunta bai fita daga sha'anin mulki ba kamar wannan.

Idan ana hirar gidajen siyasa na duniya, sunan da ya fi saurin zuwa baki shi ne gidan Kennedy na Amurka. Suna da shugaban ƙasa, John Kennedy, wanda aka harbe a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963. Suna da ƙanensa Robert, wanda shi ma aka harbe a 1968 yana neman kujerar. Ɗan shugaban ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1999. Gidan Shehu ya ga irin waɗannan duka: ya ga harsashi, ya ga faɗuwar jirgi, ya ƙara da tuɓe rawani da zaman gudun hijira. Inda suka sha bamban shi ne yadda kowane gida yake riƙe da sirrinsa. Gidan Kennedy sun mai da rayuwar iyali jarin siyasa. Hotunan yara suna wasa a ofishin shugaban ƙasa sun zaga duniya, alhali an ɓoye wa jama'a ciwon da shugaban yake fama da shi, an kuma ɓoye shekara da shekaru abin da ya sami 'yar'uwarsa Rosemary bayan aikin ƙwaƙwalwar da aka yi mata a 1941. A Sakkwato kuwa ba a tallan iyali. Baƙo iyakarsa zaure, kuma kowa ya san da haka, babu mai jin an yaudare shi.

Sai dai wanda ya tsaya a zauren kawai ba zai fahimci abin da yake gani ba. Mafi yawan manyan al'amuran da suka girgiza Sakkwato, wasu ma suka girgiza Nijeriya, daga cikin gida suka faro: wane ɗan wane ne, wa ya auri 'yar wa, wane reshe ne aka daɗe ba a waiwaya ba.

Ƙofar da aka rufe a 1817

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu 1817. Tun yana da rai ya raba aikin tafiyar da daula gida biyu: yamma a hannun ƙanensa Abdullahi, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Abdullahi ya girmi Bello, ya riga shi zama gefen Shehu, kuma a fagen ilimi babu mai ja da shi. Ba laifi ba ne in ya ɗauka shi zai gaje yayansa. Amma da ya taso ya iso Sakkwato, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Ya juya da jama'arsa.

Tsakanin baffa da ɗan wansa aka yi 'yan shekaru ana zaman doya da manja. A wannan tsakanin wasu 'yan tawaye, mabiyan Abdussalami, suka yi tunga a Kalambaina ta ƙasar Gwandu, yankin da ke hannun Abdullahi, suka gagare shi. Bello ya ɗaura sirdi ya kai masa ɗauki, garin ya faɗi. Masu tarihi sun rawaito cewa da dawakin mutanen biyu suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yunƙura zai sauka don ya gai da baffansa kamar yadda tarbiyya ta koya masa. Abdullahi ya yi masa alama da hannu ya tsaya a kan dokinsa, shi ya sunkuya ya gai da shi a matsayin Sarkin Musulmi. Ɗan ya ba gida haƙƙinsa, baffan ya ba sarauta nata, a lokaci guda, a gaban runduna.

Wannan ɗan taƙaitaccen al'amari ya zama kamar tsarin da gidan yake bi har yau. Ana saɓawa, wani lokaci saɓani mai zafi, amma ana barin hanyar komawa. Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Gidaje biyar, gado ɗaya

Bello ya rasu a Wurno a 1837, a can kabarinsa yake, shi ya sa ake ce masa Mai Wurno. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. Daga nan sarauta ta riƙa kaiwa da komowa, galibi tsakanin zuriyar Bello da zuriyar Atiku. A Sakkwato ana lissafa gidajen sarauta biyar daga 'ya'yan Shehu: gidan Bello, gidan Atiku, gidan Buhari, gidan Rufa'i da gidan Isa. Kowanne yana da garuruwan da ya kafu. Zuriyar Bello suna Wurno da Raba, Atikawa suna Gwadabawa, zuriyar Buhari suna Tambuwal da Dogondaji, na Rufa'i suna Silame, na Isa suna Kware. Rufa'i da kansa ya hau gado daga 1867 zuwa 1873. Gidan Buhari sai da suka jira har 1988.

Babu dokar da ta ce lallai babban ɗa ne zai gaji uba. Akwai masu zaɓen sarki, cikinsu har da Waziri, Magajin Gari, Magajin Rafi, Galadiman Gari, Sarkin Yaƙin Binji da Arɗon Shuni. Su ke zama su auna. Amfanin wannan tsari a fili yake: ana iya tsallake wanda bai cancanta ba. Illarsa ma a fili take: duk wani namiji da ya fito daga tsatson Shehu yana iya kwana da buri a ransa, kuma duk mai ƙarfin da ke wajen gidan yana iya samun ɗan gida da zai mara wa baya.

Turawa ne suka fara cin moriyar wannan kafa. Ranar 15 ga Maris 1903 suka ci Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, Ba'atike, ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Kafin nan har an naɗa wani Attahirun daga gidan Bello. A 1931 Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari, shi ma Ba'atike, ya bar gado bisa matsin Turawa, aka ɗauko Hassan ɗan Mu'azu. Tun daga ranar sarautar ba ta sake komawa gidan Atiku ba.

Abin da mata suka riƙe

Kafin mu shiga ƙarni na 20, ya kamata mu leƙa inda baƙo ba ya shiga. Shehu ya yi kaca-kaca da malaman zamaninsa da suke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma ya fara gyaran daga gidansa. Amfanin da ya fi fitowa fili shi ne 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mijinta shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello kuma Wazirinsa. Ke nan mace ɗaya ce 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, daga baya kuma uwar Waziri, don ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa.

Ba ta taɓa riƙe muƙami a fada ba, amma ta kafa abin da ya fi muƙamai da yawa daɗewa, wato 'Yan Taru. Daga ƙauyuka ake zaɓo dattijuwa mai natsuwa a naɗa ta jaji. Asma'u ta ɗora mata malfa, a zagaye malfar da jan rawani, alamar an ba ta izini. Jaji ta tattaro tsofaffin mata da 'yan matan da ba su isa aure ba, waɗanda tafiya ba za ta hana su hidimar miji da goyo ba, su tako da ƙafa zuwa wurin Nana ɗauke da 'yar sadakarsu ta hatsi ko zare ko man shanu. A koya musu alwala da salla da hukuncin zaman aure ta hanyar waƙoƙin da ake haddacewa, su koma gida su koyar da waɗanda ba su samu zuwa ba. Abin da suka kawo kuma a raba wa mabuƙata.

Auren Asma'u da Giɗaɗo ya ɗinke gidan sarauta da gidan wazirci ɗinkin da bai warware ba. Daga zuriyarsu Waziri Junaidu ya fito, wanda ya riƙe wazirci daga 1948 har rasuwarsa a 1997, kuma taskar littattafansa ce madogarar kusan duk wanda ya yi bincike kan tarihin daular. A gidan nan aure ba sha'anin mutum biyu ba ne. Da shi ake ƙulla amana da hakimai da malamai da sarakunan wasu ƙasashe, da shi ake rufe ɓaraka idan ta buɗe. Galibi tsofaffin matan gida, goggonni da innoni, su suke riƙe da lissafin wa ya dace da wa, su ne kuma suke ɗauko ɗan ɗan'uwa su yi riƙonsa har ya tashi yana da uwa biyu da gida biyu.

Rawani ɗaya, 'yan'uwa biyu

Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938. Cikin masu neman gadon akwai mutum biyu da tarihi ba zai manta da su ba. Na farko Abubakar, ɗan ɗan'uwan marigayin, mai riƙe da sarautar Sardauna, wanda aka haifa a Dange ranar da Turawa suka ci Sakkwato. Na biyu Ahmadu, hakimin Raba, saurayi ɗan ƙasa da shekara talatin, wanda ya yi Kwalejin Katsina ya kuma koyar a makarantar Midil ta Sakkwato. Dukansu tattaɓa-kunnen Bello ne. Kakanninsu, Mu'azu da Abubakar Atiku na Raba, 'yan'uwan juna ne da suka yi sarauta ɗaya bayan ɗaya.

Abubakar aka zaɓa. Rawanin Sardauna da ya bari sai aka naɗa wa Ahmadu, aka tura shi Gusau ya kula da gabashin ƙasar Sakkwato. A ido an yi zumunci. A ƙasa kuwa, masu kai gulma sun sami kasuwa. A 1943 aka tuhumi Sardauna da taɓa kuɗin jangali, aka yi masa shari'a a kotun Sarkin Musulmi, aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, lauya Bode Thomas ya tsaya masa, aka wanke shi. Shari'ar da aka so ta karya shi ita ta sa sunansa ya zaga Arewa, musamman a wurin matasa 'yan boko da suka gan shi a matsayin wanda ya tsaya ya ƙwaci kansa.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Sardauna ya dawo Sakkwato ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin mutumin da kotunsa ta ɗaure shi. Da siyasar jam'iyyu ta zo, ya zama shugaban NPC, ya zama Firimiyan Arewa a 1954. A tsarin mulki yanzu shi ne a sama, gwamnatinsa tana da ikon naɗa sarki da sauke shi, kuma ta nuna hakan a 1963 lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus. Amma idan ya shigo Sakkwato shi Sardauna ne, ɗan majalisar Sarkin Musulmi, mai cewa "Allah ya taimaki Sarkin Musulmi" kamar kowa. Duk abin da ke zukatan mutanen biyu, ba su bari ya fito ya zama abin kallo ba.

Wanda bai san wannan ba zai yi ta mamakin dalilin da ya sa shugaban jam'iyyar da ta fi kowacce kujeru ya ƙi zuwa Legas ya zama Firayim Minista, ya bar wa mataimakinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa. A lissafin ɗan gidan Bello, Arewa ce gadon kakanni, kuma Kaduna ta fi Legas kusa da Sakkwato ta kowace fuska. Jami'ar da ya kafa a Zariya a 1962, da Jama'atu Nasril Islam, da yawon musuluntar da jama'a da ya duƙufa a kai a ƙarshen rayuwarsa, duk yana kallonsu ne a matsayin ci gaban aikin da Shehu da Bello suka fara. Masu sukarsa sun ce girman kai ne da son mulkin gado. Masoyansa sun ce sanin asali ne. Ko ta wace fuska aka duba, siyasar Nijeriya ta shekarun 1950 da 1960 ta ɗauki siffar da ta ɗauka ne, a wani ɓangare, saboda rawanin da wani saurayi ya nema bai samu ba a 1938.

Daren Asabar a Kaduna

Ranar 15 ga Janairu 1966 ta faɗo cikin watan azumi. Sardauna bai daɗe da dawowa daga Umra ba. Ranar Juma'a Firimiyan Yamma, Samuel Akintola, ya zo Kaduna ya gana da shi ya koma. Can cikin dare sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu, waɗanda aka fito da su da sunan atisaye, suka kewaye gidan Firimiya suka buɗe masa wuta da manyan bindigogi har ya kama da gobara.

Sojojin suka kutsa har sashen mata, wurin da a al'ada ko aminin maigida ba ya takawa. A nan suka sami Sardauna tare da iyalinsa. Dogarinsa Zarumi ya tare su, aka harbe shi. Uwargidansa Hafsatu, 'yar gidan Waziri, zuriyar Giɗaɗo, ta riƙe mijinta ta ƙi saki. Tare aka harbe su, a Kaduna aka binne su.

Kafin wannan dare 'yan Nijeriya kaɗan ne suka san sunan Hafsatu. Ba ta hau dandamalin yaƙin neman zaɓe ba, ba a san ta da tsayawa gefen miji a gaban masu ɗaukar hoto ba. Sama da shekara talatin tana gidan, abin da jama'a suka sani game da ita shi ne yadda ta mutu. Sardauna bai bar ɗa namiji ba, 'ya'ya mata ya bari. Ta wajensu jininsa ya ci gaba, kuma jikansa Hassan Ɗanbaba ya riƙe sarautar Magajin Garin Sakkwato har rasuwarsa a 2022. Bai kuma bar dukiyar da za a yi shari'a a kanta ba, abin da har gobe ake kafa hujja da shi idan ana kwatanta shugabannin da da na yanzu.

A Sakkwato nauyin kwantar da hankalin jama'a ya faɗa kan wanda ya kayar da shi a 1938. Sarkin Musulmi Abubakar ya yi ta kiran a yi haƙuri. Ya ƙara shekara 22 a kan gado bayan haka, ya ga an karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, ya ga gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe sauran ikon da ya rage. Ya cika shekara 50 yana sarauta, ƙarfin hukuma yana raguwa, kwarjininsa yana ƙaruwa.

Daga 1988 zuwa 1996

Ya rasu ranar 1 ga Nuwamba 1988. Aka fara sanar da sunan babban ɗansa, Muhammadu Macciɗo, Sarkin Kudu, gari ya ɗauki murna. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin soja ta jiha ta sanar da cewa Ibrahim Dasuƙi, Baraden Sakkwato, shi ne sabon Sarkin Musulmi. Gari ya hargitse, aka yi kwanaki ana tarzoma, aka yi ƙone-ƙone, aka rasa rayuka.

Dasuƙi ba bare ba ne. Ɗan gidan Buhari ne daga Dogondaji, an haife shi a 1923. Ya yi aiki a kamfanin Gaskiya a Zariya, ya yi aikin alhazai a Jidda, ya kai babban sakatare a gwamnatin Arewa, ya shugabanci hukumar jiragen ƙasa, ya yi harkar banki, ya riƙe sakatarcin Jama'atu da na Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci. Ta fuskar gogewa babu abin da za a rage masa. Abin da talakan Sakkwato ya ƙi yafewa shi ne hanyar da aka bi. Kowa ya san kusancinsa da shugaban mulkin soja na lokacin, Janar Ibrahim Babangida, kuma ɗansa Sambo ya taɓa zama dogarin Babangidan. Mutane suka ɗauka daga barikin Dodan, fadar gwamnatin soja, aka aiko musu da sarki.

Hannun da ya ɗora shi, irinsa ne ya sauke shi. A zamanin Janar Sani Abacha an sa sunan Sambo cikin waɗanda ake nema kan zargin juyin mulki na 1995. Ranar 20 ga Afrilu 1996 aka kira Sarkin Musulmi zuwa ofishin gwamnan soja, Kanar Yakubu Mu'azu. Ya shiga a matsayin shugaban Musulmin Nijeriya. A nan aka karanta masa laifuffukan da ake zarginsa da su, aka ce an tuɓe shi. Ba a bar shi ya koma fada ya yi sallama da iyalinsa ba, aka wuce da shi filin jirgi, aka kai shi Jihar Taraba, aka ajiye shi a Zing. Dattijo mai shekara 72 ya kwana a garin da bai san kowa ba, matansa da 'ya'yansa kuma suka wayi gari suna haɗa kaya. Macciɗo ya hau gadon da aka hana shi shekara bakwai da rabi da suka wuce.

Jirgin Abuja

Ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, 'yan kwanaki bayan ƙaramar salla, jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja zai zo Sakkwato. Bai yi nisa ba ya faɗo. Mutum 96 suka rasu. Cikinsu akwai Sarkin Musulmi Macciɗo, da ɗansa Sanata Badamasi Macciɗo, da jikansa. Uba da ɗa da jika a safiya ɗaya. Mataimakin gwamnan jihar, Garba Muhammad, yana ciki, haka Sanata Sule Yari Gandi, haka wani ɗan tsohon shugaban ƙasa Shehu Shagari. Da wuya a sami babban gida a birnin da ba a yi zaman makoki ba a makon nan.

Masu zaɓen sarki sun koyi darasin 1988, hukuma ma ta koya. Ranar 2 ga Nuwamba aka sanar da ƙanen marigayin, Muhammadu Sa'ad Abubakar, hafsan soja, wanda aka haifa a 1956, ya yi Kwalejin Barewa, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Saliyo, ya kuma wakilci rundunar sojan Nijeriya a ofishin jakadanci a Pakistan. Ba a yi ko jifa ba.

Reshen Dasuƙi bai fita daga idon jama'a ba. Sambo ya zama mai ba Shugaba Goodluck Jonathan shawara kan tsaro daga 2012 zuwa 2015. A watan Disamba 2015 aka kama shi kan zargin karkatar da kuɗin sayen makamai, zargin da ya musanta, aka riƙe shi har Disamba 2019 duk da belin da kotuna suka bayar. Yana tsare mahaifinsa ya rasu a Abuja ranar 14 ga Nuwamba 2016, bai halarci jana'izar ba. Wani ɗan tsohon sarkin, Abdussamad, ya wakilci Kebbe da Tambuwal a majalisar wakilai.

Inda ake haɗuwa

An kawo gawar Ibrahim Dasuƙi Sakkwato, garin da aka fitar da shi shekara ashirin baya, aka binne shi a Hubbare. Hubbare asalinsa gidan Shehu ne, inda ya zauna da iyalinsa, a cikinsa aka yi masa makwanci. Yau masu ziyara daga Nijeriya da Nijar da wasu ƙasashe suna tuɓe takalma a ƙofa su shiga su yi addu'a, mata kuma ba kaɗan ba ne a cikinsu, da yawa saboda Nana Asma'u suka zo. A wannan farfajiya Sarkin Musulmi Abubakar yake kwance, da Macciɗo, da Dasuƙi. Wanda aka hana sarauta da wanda aka ba, wanda aka tuɓe da wanda ya maye gurbinsa, an haɗa su a gidan kakansu, a zamanin sarkin da yake ƙanen ɗayansu ne.

Wannan shi ne ƙarfin gidan. Ba su fi sauran mutane tsarkin zuciya ba. Sun yi hassada, sun kai juna ƙara, sun nemi taimakon Bature da soja a kan ɗan'uwa, kuma talakawa sun biya kuɗin wasu rigingimun da jininsu, kamar yadda aka gani a 1988. Amma suna da kawaici, kuma suna da iyakar da ba sa tsallakewa: ba a korar mutum daga zuriya, ba a tona asirin cikin gida a kasuwa. Gidajen siyasar da suka taso da kuɗi ko da kujerar gwamna a zamaninmu kan watse tun kafin jikoki su girma, saboda abin da ya haɗa su kujerar ce, in ta tafi babu sauran dalilin zama tare.

Kawaicin nan yana da tasa hasarar. Mun san Nana Asma'u saboda ta riƙe alƙalami. Mun san Hafsatu saboda harsashi ya same ta. Tsakanin su biyun da bayansu akwai ɗaruruwan mata da suka yi renon sarakuna, suka sasanta 'yan'uwa, suka riƙe gidaje lokacin da aka tafi da mazajensu, kuma babu littafin da ya ɗauki sunansu. Ba ana neman a ɗaga labule don 'yan kallo ba ne, irin yadda jaridun Amurka suke yi wa nasu. Ana neman 'ya'yan gidan da kansu, musamman mata masu ilimi da suke da yawa a cikinsu yanzu, su zauna da tsofaffin da suka rage su rubuta abin da ya halatta a rubuta. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan, ofishin tarihi na Waziri Junaidu yana nan, akwai inda za a adana. Tsofaffin da suka ga zamanin Sardauna da idonsu sun kusa ƙarewa, kuma duk wadda ta rasu ba a ji daga bakinta ba, rabin tarihin Sakkwato da ta sani ya tafi ke nan.